Ramar Autan Inna Kande

"Mi kike ba shi?"

Tambayar da uwar mijina ta tare ni da ita ke nan, ko gaisuwata ba ta gama amsawa ba. Inna Kande ta taso daga Jandutsi ta sauka gidanmu na haya a Aliero babu sanarwa, ga ta zaune a tabarma riƙe da tsintsiyar hannun ɗanta. Yatsunta biyu sun zagaye hannun har da saura.

"Inna, duk abin da ake ci shi nike ba shi..."

"Shi kike ba shi yak koma haka? Dibi wuyanai. Dibi wando, da igiya anka ɗaure shi. Ke ga ki nan kin cika zane, ɗana kuwa kullum ƙarewa shike yi."

Sagir ya yi 'yar dariyar nan tasa ta kashe magana. "Inna, aiki na. Tuƙin albasa zuwa Kudu ba wasa ba ne..."

"Yi min shiru, Auta. Abokanka ba tuƙin suke yi ba? Wane ango kat taɓa gani ya shekara da mata shina rama?"

Na sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan faifan da ke hannuna.

A wajenmu jikin ango shi ne shaidar amarya. Idan ya yi kumatu, sai ka ji ana cewa wance ta iya riƙon miji, a yi ta sa wa uwarta albarka. Idan ya rame, babu mai tambayar abin da ke damunsa, tukunyar matarsa ake leƙawa. Ni kuwa Aliya, 'yar mai abincin bakin titin Maiyama, in aka zagi girkina gara a mare ni. Tun ina ƙarama nake tuƙa tuwon shinkafar da direbobi ke tsayar da mota dominsa.

A nan ma na haɗu da Sagir. Motarsa ta lalace kusa da rumfarmu, ya zauna ya ci kwano uku na tuwo da miyar sure, ya ɗago ya ce a ƙaro. Na yi dariya har na riƙe ciki. Ya ce, "Yarinya, in ke kid dahwa wanga tuwo, ni kam na iso gida." Daga ranar motarsa ta koyi lalacewa a Maiyama duk mako, har dai aka ɗaura mana aure.

Cin nan nasa shi ya fara ba ni sha'awa. Ban san yunwar aro ce ba.

Bayan biki na fara lura. Da safe in na kawo koko da ƙosai sai ya kau da kai, ya ce zuciyarsa na tashi. Zai fita ya nufi bayan rumfunan ajiyar albasa, ya dawo da rana ido jajur, rigarsa na wani wari kamar an ƙona ɗanyar ciyawa, yana dariyar abin da bai kai a yi dariya ba. Lokacin ne zai share tukunya tas, har ƙanzo. Duk da haka jikin nan sai baya yake yi.

Ranar da na tsinci ƙunshin wiwi a aljihun wandonsa ina wanki, ban yi ihu ba. Na ajiye shi a kan katifa na zauna jiransa.

Da ya shigo ya gani, sai ya durƙusa a gabana, namiji guda.

"Aliyata... hasken idona... ki ruhwa min asiri."

"Tun yaushe, Yaya?"

"Tun ina yaron mota. Anka ce tana hana barci bisa hanya. Yanzu in ban sha ba ko ruwa ba su wuce min."

"To ka daina mana."

"Zan daina. Wallahi zan daina. Amma kada Inna ta ji, Aliya. Kin san Mu'azu?"

Na san sunan kawai. Mu'azu yayansa ne, an ce mini ya rasu da daɗewa. Ranar ce na ji sauran labarin: shaye-shaye ne ya taɓa masa kai, ya yi ta yawo a kasuwar Jega ba takalmi, mutane na nuna Inna da baki, har aka tsinci gawarsa a bakin gulbi. A wurin zaman makoki Inna ta dafa kan Sagir a gaban dangi ta rantse, duk ranar da ta ji ya kai wannan abu bakinsa, ta sallama shi, duniya da lahira. Shi kaɗai ne ɗa namijin da ya rage mata.

Na rantse masa ba zan faɗa ba. Ina sonsa, me kuke so in yi?

Sai na koma yaƙi da tukunya, kamar wata sakarya. Man shanu, kifin gulbi, fura da nono mai kauri, ƙwai, naman kai, babu abin da ban ɗura masa ba. Na taɓa tambayar yayata Munira, wadda ke aikin jinya a Jega, na ce mijin maƙwabciyata ne ke shan wiwi yana ramewa alhali yana ci kamar gara.

Ta yi mini kallon da ya sa na kau da ido. "Haka take yi ma wasu. Su ci su ci, jiki bai riƙewa. Ki ce ma maƙwabciyar taki ba tuwo shike buƙata ba, dainawa shike buƙata."

Ya daina sau da yawa, a baki. Kwana biyu zai yi yana masifa yana zufa, rana ta uku abokan tasha su kira shi, shi ke nan an koma gidan jiya.

Kafin a jima magana ta zagaye unguwa. In na je ɗiban ruwa sai hira ta mutu. Wasu suka ce wata muguwar cuta na kawo masa, wasu suka ce mallaka nake barbaɗa masa a miya, ita ke cin namansa. Wannan ta biyun ce ta isa kunnen Inna, ita ce kuma ta kawo ta gidanmu a wannan safiya.

Da ta saki hannunsa sai ta yanke hukunci. "Damana ta kama, babu lodin albasa. Auta, tattara kayanka mu tahi gida, ni in ciyar da ɗana da hannuna. Ke kuma ki tahi Maiyama ki huta, sai na neme ki."

Na bi shi ɗaki na tura ƙofa.

"Yaya, ka hwaɗa mata."

"Aliya..."

"Mayya ake ce min a gari. Innata ta daina zuwa biki don kunya. Ka hwaɗa mata gaskiya, ni zan durƙusa tare da kai mu roƙe ta."

"Ba ki san Inna ba. In ta tsine min ina zan sa kaina?"

"To ni hwa? Ni ina zan sa nawa?"

Ya kama hannayena ya ɗora a fuskarsa, ƙasusuwan kumatunsa na sukar tafina. "Wata guda kawai, abar ƙaunata. Ta huce in zo in ɗauke ki. Ki yi min wanga haƙuri, shi na na ƙarshe."

Na yi masa. Haƙurin dai shi ne abin da na fi iyawa bayan girki.

Wata guda ya zama biyu, ya shiga na uku. Na koma rumfar Innata ina zuba wa direbobi tuwo, kowace babbar mota ta rage gudu sai na leƙa ko shi ne. Wayarsa ba ta cika shiga ba, in ta shiga kuma muryarsa ƙasa-ƙasa, alamar Inna na kusa. Kullum in na idar da salla addu'ata guda ce: Allah ka raba shi da abin nan, ka mayar masa da jikinsa. Ban taɓa tsayawa na yi tunanin abin da karɓar addu'ar zai jawo mini ba.

Gero ya fara fitar da kai lokacin da Inna ta aiko in zo.

Na yi kitso, na yi lalle, na sa atamfar da ya fi so. Daga Jega na hau mashin zuwa Jandutsi, zuciyata na rawa kamar ta sabuwar amarya. A bakin gona na hango wani mutum ya taho da fartanya a kafaɗa, sai da ya matso na gane mijina ne.

Ya cika. Wuyan nan ya cike, kumatu sun fito, idonsa fari tas. Sagir ɗin da ban taɓa gani ba ke nan, don ko ranar da na fara ganinsa bai kai haka kyau ba. Na fashe da kuka a tsakiyar hanya.

"Yaya... ka warke..."

"Na daina, Aliya. Wanga karon da gaske. Nan babu mai saidawa, Inna kuma ba ta bari in taka ko bakin titi." Ya kalli ƙasa. "Makon hwarko na sha wuya. Ba barci, ba ci, zuhwa kamar an watsa min ruwa, ina ta rawar jiki ina hwaɗa da kowa."

"Alhamdu lillahi, ai ya wuce."

"Inna ta ga duk wannan." Ya sauke fartanyar. "Tac ce sammun da kinka ba ni ne ke hita."

Sai a lokacin na fahimta. Na tsaya riƙe da ƙullin tsarabata. Wata uku ba ya cin girkina, wata uku yana ƙiba. Ko ni ce alƙali, me zan ce?

A tsakar gida Inna na zaune da ƙannenta mata biyu. Na durƙusa na gaishe su. Ba ta yi mini tsawa ba, da ma ta yi, da ya fi mini sauƙi. A hankali ta yi magana, irin ta wanda ya riga ya gama shari'a.

"Ɗiyata, kin gane shi da idonki. Ban ba shi komi ba sai tuwon gero da miyar kuka. Ba ni da man shanunki, ba ni da kihinki." Ta share ido da bakin mayafi. "Na binne ɗa guda, ba ni iya binne na biyu. Ki ji tsoron Allah ki hwaɗa min, mi ke cin ɗana a gidanki?"

Maganar tana bakina. Kalma guda ce, in furta ta in wanke kaina, in wanke uwata, in koma ɗakina. Na ɗaga kai na dubi Sagir. Yana tsaye jikin rumbu. Na jira shi. Allah ya sani na jira shi, na ba shi lokacin da zai ishi namiji ya buɗe baki.

Bai buɗe ba.

Na sake duban tsohuwar nan. In na faɗa, rantsuwarta za ta hau kan mutumin da ya riga ya tuba. Za ta kore shi, kuma na san inda zai nufa: tasha, wurin abokan nan, bayan rumfunan albasa. Ni zan sami suna mai kyau, ita ta rasa ɗa, shi ya rasa kansa. Na juya abin ta kowace fuska, ban ga ƙofar da za mu fita mu uku ba.

"Inna," na ce, "ki yahe min."

Ƙannenta suka haɗa baki da salati. Ɗaya ta ce, "Kun ji ko? Ta amsa da bakinta."

Inna ta rufe ido. "Na yahe miki, don kin yi gaskiya. Amma zama ya ƙare. Auta, sallame ta."

"Inna, don Allah..."

"Auta."

Ya furta. Saki ɗaya, a hankali, har sai da ƙanwar Inna ta ce ya ɗaga murya shaidu su ji. Ya maimaita, hawaye na bin sababbin kumatunsa.

Na miƙe na gyara mayafina. Na nufi zaure. Ina jin takunsa a bayana.

"Aliya... Aliyata, tsaya. Ki bari ta huce, wallahi wata rana zan hwaɗa mata..."

"Kada ka hwaɗa," na ce ba tare da na juyo ba. "Na riga na biya, kada ka sa ya tahi a banza. Abu guda nike roƙo, Yaya. Kada ka koma ma abin nan."

"Bari in raka ki bakin hanya."

Daga cikin gida muryar Inna ta taso. "Auta, tuwonka na hucewa."

Ya tsaya a bakin zaure, ƙafa ɗaya a waje. Ya dube ni, ya waiga ciki, ya sake dubana. Na ga ba zai iya zaɓa ba, sai na zaɓa masa.

"Koma ka ci."

Ya koma. Ni kuwa na kama hanyar Jega a ƙasa, ina tafe ina kuka tsakanin gonakin gero, kuma duk da abin da aka yi mini, bakina bai daina roƙon Allah ya sa ya cinye tuwon nan duka ba.