Gara Ta Riga Shi

A wani ƙauye can da, an yi wani manomi marowaci. Ran Lahadi ya ji Fasto ya ce, "Maganar Allah abincin rai ce." Yana komawa gida ya sa Littafi Mai Tsarki a rumbu, ya liƙe.

Matarsa ta ce, "Maigida, ɗauko mu karanta."

Ya ce, "Ajiya maganin wata rana."

Kirsimeti ta zo, ta sake roƙo. Ya ce, "Ajiya maganin wata rana."

Da fari ya ƙone gonarsa, zuciyarsa ta karaya, sai ya buɗe rumbu. Bangon littafin kawai ya tarar, gara ta yi ɓul-ɓul.

Matar ta leƙa ta ce, "Ashe Fasto bai yi ƙarya ba. Dubi ƙibarta, Maigida, ka dubi wuyanka."