Jan Kwaɗo a Kan Batir

Ƙarfe takwas na safiyar Litinin Sufeto Hilary Brannock ta shiga garejin masu motar tsere a bayan garin Banbury, ko shayinta ba ta ƙarasa ba. Mai kamfanin, Mista Crispin Vale, sai kai-komo yake yana hararar agogo, sai ka ce agogon ne ya yi satar.

Motar na tsaye a tsakiya, kujera ɗaya, ba tanki ba salansa. An zare akwatin da ke sarrafa wutar batir zuwa injin, wanda suka shekara biyu suna ƙerawa. Ƙarfe huɗu za a loda motar zuwa ƙasar Sifen gwaji. In babu akwati, direbarsu Saskia Thorne ta yi asarar tseren bana.

Brannock ta durƙusa. An naɗe bakin kowace waya da roba tsaf. A kan makunnin batir an rufe wani jan kwaɗo, an kankare sunan da ke jikinsa. Ba ta taɓa ganin ɓarawo mai tsafta haka ba, abin ya dame ta.

Ta fara da bakanike Declan Furey, wanda suka yi cacar baki da Vale ranar Juma'a. Ya rantse jiya yana gidan mahaifiyarsa. Kiran waya ɗaya ya ƙaryata shi: neman aiki ya je wani garejin.

"To, na yi ƙarya, amma ban yi sata ba," in ji shi.

"Kwaɗon fa?"

"Doka ce, Sufeto. Wutar nan ba ta san wasa ba. Kafin ka sa hannu sai ka kashe, ka rufe da kwaɗonka, ka rataya makullin a wuya. Ba mai buɗe maka, ko Vale da bakinsa."

Saskia na gefe tana cizon farce. Ta ce babban injiniya, Aldous Penhale, shi ya koya mata tuƙi tun tana 'yar shekara tara, kuma ya fi uwa mita. Makon jiya ma ya dame su wai akwatin ya yi zafi. Vale ya yi caraf ya ce maganar tsufa ce.

Penhale na zaune a teburinsa, ya ɗaure maɓallin riga har maƙogwaro duk da zafin ɗakin. Ya ce rabonsa da motar tun Juma'a.

"Ɓarawon nan ya ji tsoron kada wuta ta kama wanda zai zo bayansa," in ji Brannock. "Ya iya kankare suna, amma ya kasa barin batir a buɗe. Ɓalle maɓallin nan, Mista Penhale."

Tsohon ya ɓalle, ya jawo igiyar da ke wuyansa. Brannock ta kai makullin wajen motar, ya shige kwaɗon sumul.

Bai yi gardama ba. Ya ce akwatin na bayan motarsa, ƙarƙashin bargon karensa. Sau biyu akwatin ya yi zafi a teburin gwaji, shi kuma ya rubuta rahoto, Vale ya jefa a aljihun tebur.

"Bayan kafaɗar Saskia yake zama, dab da batir," ya ce. "In ya kama da wuta, ba za ta kwance bel ɗin kujera a kan lokaci ba."

"Ka kashe mini shekara, Aldous," in ji Saskia.

"Shekara ɗaya, 'yata. Akwai wata."

Vale ya riga ya aika a ɗauko akwatin a mayar. Brannock ta tsayar da ɗan aiken. Ta ce kayan sata shaida ne, ofis za su, tare da rahoton nan, kuma ba za su fito ba sai kotu ta gama. Vale ya sake hararar agogo.

Wani kurtun ɗan sanda ya kama hannun Penhale. A bakin ƙofa tsohon ya waiwayo.

"Kotun nan, wata nawa take ɗauka, Sufeto?"

"Ko shida."

Ya sauke ajiyar zuciya, ya shiga motar 'yan sanda da ƙafarsa.