Sulallan Wanke Kunya

"Kowa ya kwanta! Fuska a ƙasa!"

Kaguwa ne ya daka tsawar. Ya banko ƙofar zauren taro na garin Masset da rana tsaka, bindigar farauta a hannu. Ba wanda ya kwanta. Tsofaffin mata ne a wurin suna ɗinka maɓallai a bargunan biki, kuma gwiwar da ta tsufa ba ta karɓar umarnin ɗan iska.

Delbert na biye da shi, fuska a ɓoye cikin hular sanyi. Shi ya kawo harkar. Sulallan zinariya ne a akwatin gilashi, kowanne da sassaƙar marigayi kawunsa, wani mikiya, wani kwaɗo. 'Yan kaɗan aka buga, wani dillalin Vancouver ya kawo su a gani kafin bikin Asabar. A bikin nan za a ɗora wa Delbert sunan sarautar kawun, don shi ne babban ɗan 'yar'uwarsa, gado kuma a nan ta uwa yake bi. Mutumin da suna irin wannan ke jira, shi ya zaɓi bin Kaguwa, ɓarawon garin Prince Rupert. Wannan wauta ce, ba ta da wani suna.

Tas! Kaguwa ya fasa gilashin da gindin bindiga. Dillali ya shige ƙarƙashin tebur.

"Kwashe, baaba, kwashe mu ware!"

Delbert ya share su cikin jaka, ya juya da gudu. Ruwan saman da takalmansu suka shigo da shi yana kwance a kan katako. Ƙafa ta tafi — tim! Ya zube rigingine, ƙafafu a sama kamar an kifar da kujera.

Sai wata tsohuwa ta ƙyalƙyale, sauran suka ɗauka.

Delbert ya ɗaga kai. Ɓangare biyu ne mutanen garin, Hankaka da Mikiya, waɗannan kuma duk 'yan Hankaka ne, dangin ubansa. Shi kuwa Mikiya ne ta wajen uwa, ɗan babban gida. Tun yana rarrafe ya san ƙa'idar: ɗan babban gida in ya faɗi a gaban ɗaya ɓangaren, sai ya ba kowane mai gani kyauta a hannu, a wanke kunyar, magana ta mutu a nan. Bai yi shawara da kansa ba. Hannunsa ne ya shiga jaka.

Ya bi layi yana ɗingishi, yana danƙa wa kowace sulai guda.

"Me kake yi, ɗan banza?" in ji Kaguwa daga bakin ƙofa.

"Faɗuwa na yi a gabansu, oga."

"To sai me? Uwarka ce ta haifi katakon?"

"Ba za ka gane ba. Saura kaɗan."

Ta ƙarshe a layin Goggo Verna ce, yayar ubansa. Ta juya sulai a tafin hannu, ta gyara tabarau.

"Ni da ido biyu na gani, Delbert. Ƙaro."

"Ba ni ba ne, Goggo."

"Na sani, ɗana. Ƙaro."

Ya ƙara mata.

A mota, Wes direba ya take totur har ƙasa. Kaguwa ya leƙa jakar, ya auna ta a hannu, wuyansa ya kumbura.

"Na ga ɓarawo matsoraci, na ga mashayi. Ban taɓa ganin mai rabon sadaka a bakin aiki ba. Wes, tsaya."

"Oga, rabona fa?" in ji Delbert.

"Ka raba wa goggonninka."

Takalmi a haƙarƙari — Delbert ya dira cikin kwata a gefen daji. Faɗuwa ta biyu ke nan, amma wannan itatuwa kawai suka gani, ba ya bin kowa kyauta.

A zaure, Sajan Thiessen ta 'yan sanda ta zauna gaban tsofaffi.

"Dillali ya ce ɗayansu ya faɗi a nan."

"Ba mu ga wanda ya faɗi ba," in ji su baki ɗaya.

"Kun dai gane wani a cikinsu?"

"Delbert mana, ɗan ƙanena," in ji Goggo Verna. "Mai bindigar baƙo ne, ba shi da tarbiyya. Wes ne a mota, ƙarar motarsa duk garin nan an sani."

"Kun ga fashi, kun ga mota, faɗuwa ce kawai ba ku gani ba?"

"Ita aka biya."

Sajan ta miƙa hannu. "Kayan sata ne, Iya. A dawo da su."

Goggo Verna ta buɗe tafin hannunta. Ta ajiye sulallan a tebur a hankali.

"To, tunda an karɓe. 'Yata, gyara zama. Ƙafar hagu ce ta fara tafiya..."

Kaguwa bai yi nisa ba. Tsibiri ne, hanya ɗaya ce zuwa mashigar Skidegate, jirgin fito kuma ya ƙi tashi saboda iska. A layin motoci aka same shi. Wes na hango 'yan sanda ya fito da hannu a sama, yana nuna inda jakar take tun ba a tambaye shi ba. Delbert kuwa da ƙafarsa ya dawo gari, jiƙe sharkaf, ya tarar da yara na zubewa a bakin kanti, ƙafafu a sama, suna kiran sunansa.

Ranar Asabar aka yi biki. Aka ci kifi, aka yi rawa, aka lulluɓa wa ƙanin Delbert bargo, aka kira shi da sunan kawu a gaban jama'a. Delbert yana ɗakin tsaro.

Washegari Goggo Verna ta kai masa busasshen kifi.

"Goggo, na bi al'ada fa. Me ya sa kika tona?"

"Ka bi, har na yi alfahari da kai," in ji ta. "Amma da kayan wani ka biya."

Shekarun kurkuku alƙali zai yanka, kuma za su ƙare. Sunan ya tafi, ba ya dawowa. Kunya ba ta wankuwa da ruwan sata.