Hayaƙin Bayan Katanga

Akwai wani yaro da na sani, ɗan makarantar firamare. Aji biyar yake ko aji shida, wannan ya kuɓuce mini. Tsufa kan kwashe ƙananan abubuwa ya bar wa mutum manya. Abin da ban manta ba shi ne gidansu na jingine da katangar makarantar. Tagar ɗakin mahaifiyarsa tana kallon bayan ajujuwa.

Yana da ƙanwa, ana ce mata Auta. Ba ta isa shiga makaranta ba. Tun tana goye take fama da ciwon ƙirji. Idan ta yi gudu da yawa, sai numfashinta ya riƙa sarƙewa. Saboda ita ba a kunna maganin sauro a ɗakin, kuma ba a shara tana ciki.

A lokacin leda ta cika unguwar. Baƙa da fara, da ta ruwan sha wadda ake tsotsewa a yar. Tana rataye a kan wayoyin lantarki. Tana maƙale a rassan itatuwa. Ta toshe kwatoci har ruwa ya daina wucewa. Mu da muna yara da kwando ake aikenmu kasuwa, kwando ɗaya kuwa sai ya ga yaye ya ga aure. Amma bari in koma kan yaron, kada in ɓata muku hanya.

Malamar ajinsu ta gaji da ganin filin makaranta haka. Ta ce kullum bayan hutun tara, kowa zai tsinci leda a zuba a buhu. Ta yi magana da wani mai kura. Shi zai riƙa kwashe buhunan yana kai wa masu sarrafa roba. Ta naɗa yaron shugaban tsafta, domin ba ya ƙyuya.

Da farko abin ya yi kyau. Fili ya fito fes. Sai kurar mutumin ta karye, ya daina zuwa. Buhuna suka taru a bayan aji, jikin katanga. Wata safiya yara suka tarar awaki sun shigo ta ƙofar baya sun farke buhunan. Iska ta mayar da leda ko'ina, kamar ba a taɓa tsinta ba.

Akwai wani ɗan ajinsu mai tsokana, ana ce masa Dogo. Ya zo gaban yaron ya durƙusa, ya ɗaga hannu sama.

"Ranka ya daɗe, Sarkin Bola," in ji shi. "Talakawanka sun watse. Ga wasu can sun hau bishiya."

Yara suka bushe da dariya. Daga ranar sunan ya bi shi. Ko a layin famfo sai ka ji an ce a ba Sarkin Bola hanya.

Yaron ya sami Malama, ya tambaye ta ko za a ƙona ledar a huta. Ya ce mai shagon bakin titi kullum haka yake yi da tasa, kuma ba wanda ya hana shi.

"Kada wanda ya kusanci wurin nan da ashana," in ji Malama.

Aka buga ƙararrawa, ta shiga aji. Ba ta faɗi dalili ba, shi kuma bai tambaya ba.

Ranar da babu makaranta, bayan azahar, ya ɗauki ashana a kicin. Mahaifiyarsa ta leƙa maƙwabta. Auta tana barci a kan katifa, a ƙarƙashin taga. Ya haura katanga. Ya tattara ledar wuri ɗaya, tari ya kai masa ƙugu. Bai manta da ƙanwarsa ba. Ya ɗebi ƙasa ya watsa sama, ya ga iska tana kaɗawa wajen filin ƙwallo, nesa da gida. Sai ya ƙyasta.

Leda ba ta ci kamar takarda. Tana motsewa, tana narkewa, tana ɗiga. Hayaƙinta baƙi ne, mai nauyi, mai ɗaci a maƙogwaro. Yaron ya ja da baya yana murmushi. Yana tunanin fuskar Dogo idan ya zo ya ga wurin wayam.

Sai iska ta juya.

Hayaƙin bai tashi sama ba. Ya kwanta, ya bi katanga, ya haura, ya riƙa shiga tagar ɗakin. Yaron ya ɗebo ƙasa da hannu biyu yana watsawa. Wutar ta ƙi mutuwa. Ya kai hannu zai ja wani buhu gefe, narkakkiyar leda ta manne masa a tafin hannu. Bai ma ji zafin ba tukuna, domin a daidai lokacin ya ji muryar mahaifiyarsa tana kiran sunan Allah.

Da ya diro cikin gida, ya tarar ta fito da Auta tsakar gida. Yarinyar ba ta kuka. Bakinta a buɗe yake, ƙirjinta yana shiga yana fita, amma iska ba ta wucewa. Leɓɓanta sun fara yin duhu.

Mahaifinsu kafinta ne, rumfarsa na kan kwana. Wani yaro ya ruga ya kira shi. Ya zo da garin katako a gashinsa, ya saɓa Auta a kafaɗa. Wani maƙwabci ya tayar da mota. Ba wanda ya ce yaron ya shiga, ba wanda ya hana shi. Ya maƙure a gefe, ya ɓoye hannunsa a cikin riga.

A asibiti aka kwantar da Auta. Aka rufe mata hanci da baki da wata 'yar roba mai ba da iska. Likitar mace ce, mai magana a hankali. Ta tambayi abin da yarinyar ta shaƙa. Mahaifiyar ta ce hayaƙi ne, amma ba ta san ko na mene ne ba. Mahaifin ma bai sani ba. Likita ta ce tana bukatar sani, domin hayaƙin itace daban, na roba daban.

Yaron yana tsaye a bakin ƙofa.

"Leda ce," in ji shi. "Ni na ƙona ta. Tana da yawa."

Mahaifiyarsa ta juyo ta dube shi. Ta mayar da fuskarta ga Auta.

"Gara da ka faɗa," in ji likita. Ta yi wa ma'aikaciyar jinya magana, aka kawo wani magani. Sannan ta ce, "Kai kuma fito da hannun nan da kake ɓoyewa."

Tana wanke masa ƙunar tana yi masa bayani. Ta ce akwai guba a cikin hayaƙin leda. Mai lafiya ma yana yi masa illa a hankali, bai sani ba. Mai ciwon ƙirji kuwa, yana iya rufe masa hanyar numfashi nan take. Yaron ya tambaya ko Auta za ta warke. Likita ta ce suna iya ƙoƙarinsu, sai a jira a gani.

Ya fito ya sami mahaifinsa a kan benci. Ya tsaya a gabansa ya sunkuyar da kai, yana jiran mari.

"Ba zan dake ka ba," in ji mahaifin. "Shiga ka zauna kusa da ita. Ka saurari yadda take numfashi."

Ya shiga ya zauna. Ya saurara. Kowane numfashi sai ta yi kokawa kafin ya shiga. Yara, na ga ana dukan yaro da bulala ya share hawaye ya koma wasa. Wannan zaman ya fi bulala ciwo.

Auta ta kwana a asibiti, ta sake kwana. Kwana nawa ne duka, ban riƙe ba. Gidan ya yi shiru. Takalmanta suna nan a bakin ƙofa inda ta cire su. Warin hayaƙi bai bar labule da katifa ba, duk da an fitar da su rana.

A makaranta, bayan aji ya zama baƙi ƙirin. Ledar ba ta ɓace ba. Ta dunƙule ta manne da ƙasa kamar kwalta. Mai gadi ya sa fartanya, ta ƙi fita. Yara suka tsaya suna kallo. Dogo ma yana wurin.

Malama ta tara aji. Yaron ya tashi da hannu a naɗe, ya faɗi abin da ya yi, bai rage komai ba. Malama ta ce laifinsa babba ne, domin an hana shi bai hanu ba. Ta ce ita ma da nata, domin ta hana ba ta faɗi dalili ba. Ta ɗauki alli, ta zana ƙirjin mutum a allo, ta nuna musu inda hayaƙi ke bi.

Suka yi shawara. Aka ba su wani ɗaki mai ƙofa, inda awaki ba za su kai ga buhuna ba. Kowane yaro zai riƙa zuwa da gorar ruwansa daga gida. Wata yarinya ta ce yayarta tela ce, za ta ɗinka musu jakunkuna da ragowar yadi. Mahaifin yaron ya nemi mai kura, ya gyara masa katakon da ya karye.

Saura mai shagon bakin titi. Malama ta raka su wurinsa. Suka gaishe shi, suka roƙe shi ya daina ƙona leda.

"To, ci zan yi?" in ji shi. "Ko in ɗinka riga da ita?"

Dogo ne ya matso. Ya ce, "Baba, ƙanwar wannan tana asibiti. Hayaƙin leda ne ya kai ta."

Mutumin ya dubi hannun yaron. Ya san Auta, domin takan zo sayen alewa tana leƙen teburinsa da ƙyar. Can ya ce su ajiye masa buhu ɗaya a nan gefe.

Da aka tashi daga makaranta, yaron ya wuce asibiti da jakarsa a baya. Ya tura ƙofar a hankali.

An cire robar. Auta tana zaune, ta jingina da mahaifiyarta, tana shan ruwa a kofi. Ta rame, idanunta sun faɗa. Mahaifiyar ta ɗago ta dube shi. Ta matsa, ta ba shi wuri a bakin gado.

Ya buɗe baki zai ba da haƙuri, kuka ya riga shi. Auta ba ta gane dalilin kukan ba. Ta ga farin ƙyalle a hannunsa, ta ɗauka shi ne.

"Yaya, zafi yake yi?" Muryarta a dishe take.

Ya gyaɗa kai.

"Kawo in hura maka."

Ta kama hannun da nata biyu. Ta ja iska ta cika ƙirji. Ta hura, ta hura, dogon numfashi, bai tsinke ba. Ya ji sanyinsa a kan yatsunsa. Mahaifiyar ta rufe fuska da mayafi tana godiya ga Allah. Likita, da ke tsaye a bakin ƙofa, ta ce wanda ke iya yi wa wani jinya ai ya isa sallama.

Washegari suka koma gida da ita.

Yara, ga abin da nake so ku riƙe, ko da ni na manta. Kada ku yar da leda, kuma kada ku ƙona ta. Wuta ba ta kawar da ita, sai dai ta kai ta ƙirjin wani. Ku rage karɓarta, ku tara wadda ta samu, ku miƙa wa masu kwasa. Idan kuma babba ya hana ku abu ba ku gane dalili ba, ku tambaya tukuna.