Direban da Bai Buɗe Ƙofa Ba

Da tafin hannu take dukan gilashin ƙofar bas ɗin.

"Buɗe mana! Ni ce fa... buɗe!"

Taku kaɗan ne tsakanin tashar da motar ta baro da inda jar danja ta tsayar da ita. Ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya. Direban ya juyo suka haɗa ido, ya gan ta sarai. Leɓɓansa suka motsa, ya ɗan girgiza kai, danja ta ba da hannu, ya ja motarsa ya yi gaba.

Auta ta tsaya nan ruwa na bin mayafinta. Ba ta yi kuka ba. Haushin ma ba ta ji ba. Tafin hannunta kawai ta kalla, ya yi jawur, sai ka ce na wata ne aka ara mata.

To 'yan matana, bari in koma da ku baya kaɗan, kada ku ce wace mahaukaciya ce wannan mai dukan motar mutane.

Aiki ne ya kai Auta wannan ƙasa mai sanyi, tana zaune da Gwaggonta a wani ɗan ɗaki can saman bene. Gidan kula da tsofaffi take aiki, ta canja musu zanen gado, ta ba su abinci a baki. Ana cikin sabunta mata takardar zama, fasfonta na hannun hukuma, Allah Ya yi wa mahaifiyarta rasuwa a gida. Ba halin tafiya. A waya ta ji, a waya aka yi mata gaisuwa, washegari ta ɗaura kallabi ta tafi aiki. Tun daga ranar zuciyarta ta zama kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta. Ko ka tsikare ta, shiru.

A haka ta haɗu da Direba. Wata safiya ta makara, bas ya riga ya tashi, ta biyo shi da gudu tana "Wayyo Allah!" Sai ga ƙofa ta buɗe a tsakiyar titi.

"Shigo 'yar'uwa, kada sanyin nan ya cinye mana ke."

Hausa! A wannan uwa duniya!

Daga nan fa aka saba, har ya hau benen ya gaida Gwaggo, ya gyara mata famfon da ke ɗiga, ya tafi da yardarta a aljihu. Yayan Auta ne dai ya ce bai san zance ba. Ta waya ya dinga faɗa:

"Direba? Wanda ba mu san gidansu ba? Tunda Inna ta rasu babu abin da ya rage miki a can. Na yanka miki tikiti, ki tattaro ki dawo!"

Wannan maganar ce ta kwaso da gudu cikin ruwa za ta kai wa Direba, don ba a barin direbobi da waya a bakin aiki. So take ta ji ko zai ce kada ta tafi.

Sai ya ƙi buɗe mata ƙofa.

A matakala ta ci karo da 'Yar Gayu, wadda ke zaune a ƙasansu, mai aikin goge motoci a garejin su Direba. Ta daɗe tana yi masa kallon ƙasan ido, kowa a benen ya sani.

"Ke kuma lafiya kamar kazar da aka tsamo? Au... shi ne? Hmm. Ni dai ban so in faɗa ba."

"Faɗi."

"Ƙawata, gajiya ya yi. Tsakani da Allah wa zai ajiye macen da ba ta dariya ba ta kuka? Ai gara ya auri firji, ko ruwan sanyi ya samu."

"Haka ne," in ji Auta, ta wuce sama.

Direba ya yi ta kira, Auta ba ta ɗauka. Ya zo ƙofar benen, 'Yar Gayu ta tare shi da cewa Auta ta ce kada ya ƙara tako wurin. Ita kuwa tana sama tana ninke kaya, riga bayan riga, kamar zanen gadon tsofaffinta.

"Ke wai ba za ki saurari yaron nan ba?" in ji Gwaggo.

"Me zan ji, Gwaggo? Na gani da idona."

"To me kike ji a ranki?"

"Ba komai."

Gwaggo ta yi mata dogon kallo.

Ranar tafiya Gwaggo ta tashi da ciwon gwiwa, wai ko matakala ba za ta iya sauka ba. Ta kuma hana a kira tasi.

"Ga bas a ƙofar gida zai kai ki har tashar jirgin ƙasa, daga nan sai filin jirgi. Tsaya tukuna, ba wannan ba, ki sha shayinki. Na bayansa za ki hau."

Tsohuwa ta san abin da take yi, ku dai bari.

Ƙofa na buɗewa Auta ta gan shi. Ya rame. Ta ɗora katinta a na'ura ta yi ƙara, ta ja akwatinta ta zauna a kujerar da ke bayansa, don ita kaɗai ce babu kowa. A saman kansa ga rubutun nan da ta sha gani: ba a magana da direba in mota na tafiya.

Bai ce komai ba har wani ya danna ƙararrawa. Ya tsaya, ya buɗe ƙofa, idonsa na kan madubi.

"Auta, kin ga wancan baƙin abu a saman gilashi? Kyamara ce."

Ƙofa ta rufe. Mota ta tashi. Shiru.

Suka wuce kantin magani, suka wuce wurin wankin kaya inda take kai bargunan Gwaggo. Wata mata mai keken jariri ta ɗaga hannu, ya tsaya.

"Ranar farko da na buɗe miki a kan titi, ƙarata aka kai. Aka duba hoton, aka yi mini gargaɗin ƙarshe."

"Wa ya kai ka?"

"Wadda na ba labarin da bakina a gareji, don murna ta hana ni yin shiru."

Matar ta gama shigo da kekenta. Shiru kuma.

Auta ta zuba wa ƙeyarsa ido. A gida, direban da ya san ka ko a tsakiyar gada ne zai taka birki, har ya tambaye ka mutanen gida. Ita haka ta sani. Ba ta taɓa kawowa a ranta cewa a nan buɗe ƙofa laifi ne ba.

Tasha ta gaba wani tsoho ne zai sauka da sanda, a hankali, Allah Ya yi masa albarka.

"Takardar zamana a jikin aikin nan take. In na buɗe ranar, kora ce, kora kuma barin ƙasar ne. Da wane bakin zan je wa Yayanki? Ce miki na yi ki jira ni a tasha, gilashi ya hana ki ji."

"Me ya sa ba ka taɓa gaya mini ba?"

"Kayan da ke kanki sun ishe ki, masoyiyata. Ban so in ƙara miki ba."

Tsohon ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa. Direba ya yi sauri.

"Mai zuwa ita ce taki. In kin danna zan tsaya, aikina ne, har akwatin zan sauke miki. In ba a danna ba, kuma ba kowa a tashar, ba ni da ikon tsayawa."

Ƙofa ta rufe.

Jan maɓallin na nan a jikin ƙarfe, daidai kafaɗarta. Ta ɗora yatsa a kai. Sanyi gare shi. Ta laluba cikin ranta ko za ta samu wani abu, so ko fushi ko tsoro, ta tarar wayam kamar kullum.

Ga rumfar tashar can ta taho. Ba kowa a ciki.

Ta matso...

Ta zo daidai tagarta...

Ta wuce.

Yatsan na nan inda yake. Auta ta sauke hannun ta ɗora a cinya.

A tashar ƙarshe kowa ya sauka, ya kashe mota, sannan ya juyo gaba ɗaya. Idanunsa sun kaɗa.

"Kada ka yi murna da yawa," ta ce. "Har yanzu ba na jin komai fa. 'Yar Gayu ta ce firji ce ni."

"To ni mai firji ne. Ina ruwan wani?"

"Ba wasa nake ba."

"Ni ma haka. Ban ce ki yi dariya ba, ban ce ki yi kuka ba. Ki dai zauna inda zan riƙa ganinki a madubi."

Wayarta ta ɗauki ruri. Yaya ne.

"Kin isa filin jirgin?"

"Yaya, na wuce tashar."

"Kin wuce kamar yaya? Barci kika yi?"

"Idona biyu. Ka kira Gwaggo, ita ce uwata a nan, tana da magana da kai."

Gwaggo kuwa, da gwiwarta ta warke tun kafin bas ya sha kwana, ta wanke Yaya tas, ta ce ita ƙanwar ubansu ce, ta zauna da yaron ta ga halinsa, in bincike yake so ga lambar kawunnansa. Ya yi binciken, ya sauko, da bakinsa ya ba Direba auren Auta. 'Yar Gayu ta daina gaida kowa a matakala, ba wanda ya rame.

Amma wannan duk daga baya ne. A ranar dai, Auta na ajiye wayar ta ji wani abu na tsattsaga mata ƙirji, tsit-tsit, irin na ƙafar da jini ya fara komawa cikinta. Ta dafe wurin.

"Lafiya?" ya ce.

"Zafi nake ji."

"Sosai?"

"Kaɗan... Inna nake tunawa."

Bai ce mata ta yi haƙuri ba. Hularsa ya cire ya zauna a kujerar da ke gefenta, ya bar ƙofar a rufe har lokacin tashi ya yi.