Abokin Baba na Saman Bene

Auta ta dawo daga asibitin da take aikin jinya rana na shirin faɗuwa, ta tarar da kujerar Baba babu kowa. Kwalbar maganin ɗigawa a ido tana kan tebur, ba a taɓa ta ba. Rigar sanyinsa tana rataye a bayan ƙofa. Ba sai ta tambayi kowa ba. Ya sake hawa sama.

Baba tsohon malamin makaranta ne. Rabin rayuwarsa ya ƙarar yana zana rana da duniyoyin da ke kewaya ta a jikin allo, yana ɗaure lemo da zare yana wulwulawa don yara su gane. Da ya yi ritaya, tsofaffin ɗalibansa suka haɗu suka saya masa madubin hangen taurari mai ƙafa uku. Sai dai kyautar ta zo a makare, don yanar ido ta riga ta fara rufe masa gani. Ko fuskar Auta sai ta matso kusa yake gane ta.

Da aka fara zancen tauraruwa mai wutsiya da za ta riƙa bayyana a yamma bayan faɗuwar rana, Baba ya sa aka kai masa madubin saman benen da suke haya, kusa da tankunan ruwa. Kullum da magariba sai ya dafa bango ya hau. Auta ba ta hana shi ba. A ganinta ko bai ga komai ba, ai ya sha iska.

Abin da ya tsaya mata a rai shi ne abokin.

Baba ya fara saukowa da fara'a, yana cewa abokinsa ya saita masa madubin. Yana ba ta labarin wutsiyar, wai ta rabu biyu, ɗaya fara mai lanƙwasa, ɗaya shuɗiya miƙaƙƙiya kamar an ja ta da zare. Baban da ko agogon bango ba ya iya karantawa. Ta tambaye shi sunan abokin, ya ce bai tambaya ba. Ta ce a wane ɗaki yake, ya ce shi dai abokin ya gaya masa ya daɗe a nan.

Ta tare maigadi. Ya rantse mata da magariba babu mai hawa sama sai Baba, shi ne ma yake kulle ƙofar da dare, makullin a aljihunsa yake kwana. Ta dube shi da kyau, ta ƙudurta a ranta an ba shi wani abu ya yi shiru. Ta bi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya da tambaya cikin hira, kowa ya ce bai san zancen ba. Ta kira Yayanta a waya, ya yi ta dariya, ya ce ta bar tsoho ya huta, in ma budurwa ya samu a saman benen, su dai a sanar da su da wuri.

Ita ba ta ga abin dariya ba. Wata rana ta ce ɓarawo ne yake lallaɓa tsoho don ya san lungunan gidan. Wata rana ta ce kan Baba ne ya fara taɓuwa, don ta sha ganin tsofaffi a asibiti suna hira da bango da yamma. Har ta fara karkata ga wannan, sai wata safiya ta hau shanya kaya ta ga madubin. An zare ƙafafunsa har ƙarshe. Wurin sa idon ya wuce tsawon hannunta. Baba kuwa da kyar ya kai kafaɗarta.

Shi ya sa a wannan yammacin ta ɗauki maganin da rigar sanyin, ta cire takalminta, ta kama hanyar sama.

Ƙwan fitilar matakalar ya mutu. Daga ƙasa tana jin kukan janareta, da ƙarshen kiran salla, da wata mata tana yi wa yaranta faɗa. Tana hawa ƙarar tana raguwa. Kafin ta kai hawa na ƙarshe duk ta ɗauke, kamar an toshe mata kunne da auduga. Sai ɗigar tanki kawai.

Ga wani wari, irin na ashanar da aka ƙyasta ta mutu. Ga sanyi yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofa yana lasar yatsun ƙafarta, kamar an buɗe firiji.

Ta kara kunne a jikin ƙofar.

Muryar Baba ta fara ji, irin wadda yake koyarwa da ita. Yana bayani cewa ƙanƙara ce da ƙura, rana ce take narkar da ita, shi ya sa wutsiyar kullum take ba rana baya. Ya ce masana sun ce sai ta yi dubban shekaru kafin ta sake zagayowa.

Wata murya ta amsa, ƙasa-ƙasa, kamar ana jan yashi a kan kwano.

"Wancan zuwan wutsiyarta ta fi haka tsawo. Nan duk ruwa ne a lokacin."

Baba ya yi dariya, ya ce abokin nan nasa akwai barkwanci.

Auta ta tura ƙofar ta yi sallama. Baba ne kaɗai ya amsa.

Mutumin yana tsaye can gefe, ya ba ta baya. Dogo ne ƙwarai. Iska tana kaɗa rigar Baba har tana fal-fal. Tasa rigar ko motsi ba ta yi.

Baba ya yi murna, ya ce ta zo ta gani da idonta. Ta matsa, ba don tauraruwar ba, sai don ta sami damar kallon mutumin ta gefe. Da ta isa, wurin sa idon yana daidai fuskarta. Ba ta ga wanda ya sauke shi ba.

Ta sa ido.

Ga ta nan kuwa. Fara tas, wutsiya biyu, yadda Baba ya faɗa. Sai hoton ya karkata a hankali, kamar wani ya juya mata kai. Ta ga saman bene daga sama. Ga tankuna. Ga mace ta sunkuya a kan madubi, da rigar sanyi a kafaɗa. Ga ɗan tsoho shi kaɗai, ya miƙa hannu a iska, yana tafiya zuwa bakin ginin.

Ta ɗago kai.

Baba ba ya kusa da ita. Yana can bakin katangar da ba ta wuce gwiwa ba. Dogon yana riƙe da hannunsa.

"Ƙara matsowa kaɗan, malam. Daga nan ba sai da madubi ba."

Baba ya ɗaga ƙafa.

Ba ta san lokacin da ta isa ba. Ta damƙi bayan rigarsa da hannu biyu, ta fizgo. Suka zube tare a kan siminti. Kwalbar magani ta fashe.

Dogon ya juyo.

Inda fuska ya kamata ta kasance, taurarin da ke bayansa ta gani.

Ya sunkuyo. Sanyin ya shige ta har haƙori.

"Ai ya riga ya gani," in ji shi.

Ta kama karanta Ayatul Kursiyyu. Ta ja Baba da baya-baya, ta tura ƙofar da ƙafa. A matakala ta goya shi kamar jariri. Ba ta ji takun kowa a bayansu ba. Sanyin ne ya bi su har hawa na biyu, inda kukan janareta ya dawo mata kunne gaba ɗaya.

Washegari maigadi ya hau ya sauko da madubin. Gilashinsa ya yi fari fat kamar an shafa madara. Ya ƙara wa ƙofar saman kwaɗo, ya ce shi kam ya gama hawa.

Likitan ido ya duba Baba, ya sake dubawa, ya ce babu sauran yanar a idonsa. Yanzu Baba yana karanta ƙananan rubutun jikin kwalin magani. Amma ya daina kallon fuskar mutane. Yana zaune a falo, yatsansa a miƙe, yana bin wani abu a hankali ta cikin silin, ta jikin bango, wani lokacin ta ƙarƙashin daɓe. Yaya ya zo, ya buɗe taswirar taurari a wayarsa, ya bi yatsan da ita. Duk inda Baba ya nuna, nan tauraruwar take. Yaya bai sake yin dariyar zancen ba.

Daga baya aka daina ganin tauraruwar. A rediyo aka ce ta yi nisa, ko jikokin jikoki ba za su riske ta ba. Auta takan zauna tana kallon Baba ta gefen ido, tana jiran ya yi wani abu da zai tabbatar mata shi ne ta sauko da shi.

Wata yamma tana zuba masa shayi, ta ga yatsan ya tsaya cak. Ya daɗe a haka. Sannan Baba ya yi murmushi, bai dube ta ba.

"Auta," ya ce a hankali, "ta juyo."