Dukan da Ya Sauka a Jikin Barakatu

Masu cewa gem ai wasa ne kawai, ban musa muku ba. Amma akwai gidan da wasan nan ya rufe a Tudun Wada, kuma har yau in na bi ta ƙofarsa sai gabana ya faɗi.

Musaddiq gwani ne a gem ɗin faɗa, wanda mutum biyu ke zama gaban talabijin, kowa riƙe da hannun gem yana dannawa, 'yan dambensu na jibgar juna a allo har ɗaya ya zube. Daga Kiru har Bebeji ba mai ja da shi. To amma duk sanda ya je gasa a Kano, tun zagayen farko ake koro shi gida.

Matarsa Barakatu, 'yar masunta ce daga Tiga. Da ta gaji da ganinsa yana dawowa ya ƙi cin tuwo, sai ta ce ya koya mata, ya samu abokin gwaji a ɗaki. Kafin damina ta wuce ta fara kayar da shi, tana dariya.

"Yaya, saurin tsallenka ya yi yawa, shi ya sa suke cafke ka."

Hannun gem ɗinta ma a gane yake, don lallenta ya rina madannansa ja. Wallahi da ya yi haƙuri, da ita kaɗai ta ishe shi malama. Sai aka sanar da babbar gasa a Legas, mai mota da kwangilar talla, wani kuma ya raɗa masa labarin wani boka a duwatsun bayan Doguwa.

Da rana tsaka ya isa kogon bokan, amma ciki sanyi kamar randa. Ko kukan tsuntsu babu. Ƙahonin awaki rataye da jan ƙyalle, ƙarnin jini ya gauraya da turare, ga wata baƙar tukunya a tsakiya, ƙudaje na kewaya ta ba sa sauka. Bokan tsoho ne siriri, bai ko ɗago kai ba.

"Baba, so nake in daina faɗuwa," in ji Musaddiq. "Ko nawa ne zan biya."

"Riƙe kuɗinka. Da wa kake gwaji a gida?"

"Da iyalina."

"Kawo mini abin da take dannawa."

Hannun gem ɗinta na cikin jakarsa. Ya ciro ya miƙa.

"Ka ji da kyau," in ji tsohon. "Kowane duka ka kai, zai shiga. Amma duka ba ya tafiya a iska, sai ya samu jikin da zai sauka. Ba za ka tambayi jikin wa ba?"

Musaddiq ya yi dariyar yaƙe. "Baba, ai hotuna ne."

"Kai ka faɗa."

Ya yanka baƙin zakara, ya ɗiga jinin daidai kan jan lallen, ya naɗe abin a ƙyalle ya tura cikin tukunya. Sannan ya shafa wa manyan yatsun Musaddiq wani mai mai wari. Da ya koma gida, ce wa Barakatu ya yi hannun gem ɗinta ya lalace.

A Legas aka ga abin mamaki. Yaron da ba wanda ya san sunansa ya fitar da zakaran bara, ya fitar da wani da ya zo daga ƙasar waje, ɗakin gasa ya kaure da ihu. Ya dawo da sabuwar mota fil. Barakatu ta tare shi a ƙofa da kumburarren ido.

"Me ya same ki?"

"Ina tankaɗe na ji kamar an nausa ni. Ko iska ce, oho. Kai dai barka, Yaya!"

Kuɗi suka shigo, ya rushe ginin ƙasa ya yi na bulo. Amma duk gasar da ya ci, sai ya tarar da sabon tabo. Ranar da ya ci ta Abuja cikin da take ɗauke da shi ya zube. Mahaifiyarta Kaltume ta zo daga Tiga tana huci.

"Don ka yi kuɗi shi ne za ka kashe mini 'ya?"

"Inna, wallahi bai taɓa ɗaga mini hannu ba," in ji Barakatu tana kuka. "Ba ya ma gari."

Ba wanda ya yarda. Da Kaltume ta ɗaga rigar Barakatu don nuna masa aikinsa, sai ya ga haƙarƙarinta na hagu ya yi baƙi ƙirin. Nan ne daidai inda ɗan dambensa ke kai shurin ƙarshe. Ya gane, amma ya ɓoye musu. Aka tafi da ita Tiga.

Kun ga nan ne wurin tsayawa. Amma gasar da ta fi kowacce girma ta ƙarato, ya ce wa kansa karewa kawai zai riƙa yi, ya ɗan taɓa su a hankali har lokaci ya cika. Haka ya lallaɓa ya kai wasan ƙarshe. A zagayen yanke hukunci abokin karawarsa ya shige gaba, lokaci na ƙarewa, kofi na ƙyalli a gefen dandamali. Sai mutumin ya yi kuskure ya buɗe hagunsa. Ba aljani ya danna ba, ba boka ba. Musaddiq ne da kansa ya danna.

Yana ɗauke da kofin, sai wayarsa ta yi ƙara. Kaltume ce.

"Barakatu ta rasu. Tana kwance tana kallonka a waya, har ta ce, Inna duba, ya daina tsallen banza, ya ji maganata. Sai ta riƙe haƙarƙari."

Ya koma Doguwa da gudu kamar zai tashi sama. Ya tarar da kogon wayam, sai tukunya a fashe, da hannun gem ɗin ya rabe biyu.

Motar ta ruɓe a ƙofar gida, gidan kuma ba mai yarda ya saya. In ka je tashar Tudun Wada za ka gan shi zaune a gindin bango, gashi cukurkuɗe, manyan yatsunsa na danna iska ba hutawa. Yakan juya gefensa na dama, inda take zama, ya ce, "Rama mana, Barakatu. Don Allah ki rama."

To samari, ku ji tsoron Allah. Duk wanda ya ce zai ba ku nasara bai karɓi ko sisi ba, ya riga ya zaɓi abin da zai ɗauka a gidanku, kuma ba zai ɗauki abin da za ku iya rayuwa babu shi ba.